Halliru Dalili da Shanun Mamuda

Halliru ɗan Sheriff Kashim ya yi shekara ashirin da shida yana aikin malamin dabbobi, amma tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa da wuya ka sami makiyayin da ya san sunan mahaifinsa. Halliru Dalili suke ce masa. Wuƙarsa ce ta jawo masa sunan. In saniya ta faɗi ta mutu ba a san me ya same ta ba, shi ake aika wa. Zai zo a kan tsohon babur ɗinsa, ya naɗe hannun riga, ya farke cikinta, ya zura hannu. Kafin a jima sai ya zaro dunƙulen baƙar leda daga tumbi, ko ya yanko hanta ya nuna tsutsotsin da suka cinye ta. Sai ya ɗaga sama yadda kowa zai gani, ya ce, "Ga dalili."

A Kazaure aka haife shi, a wata unguwa da ke gindin dutse. Mahaifinsa Babarbare ne mai fataucin kanwa. Yana ɗan shekara tara mahaifiyarsa ta kwanta ranar Talata, aka binne ta ranar Alhamis. Duk wanda ya tambaya me ya kashe ta, sai a shafa kansa a ce kwana ne ya ƙare. Amsar ba ta taɓa isarsa ba. Ya girma da tunanin cewa duk abin da ya faɗi, akwai abin da ya ka da shi, kuma wanda ya san abin ya tsira.

Da ma a kan dabbobi ya tsaya. Sai ya kai wuƙar har wurin mutane. A zaman makoki kowa na cewa "Ya haƙuri?" ya shafa fatiha ya yi shiru, shi kuwa sai ya gyara zama. Wanda gobara ta ci shagonsa, Halliru ya tuna cewa mudunsa bai cika cika ba. Wanda ɗansa ya faɗi a babur, ai dama yaron ba ya gaida manya. Ba da ƙarfi yake faɗa ba, a hankali yake sakinta, da muryar mai tausayi, yana jan carbi. Shi a ganinsa nasiha yake yi. Abin da bai taɓa yarda ya duba ba shi ne daɗin da yake ji in ya tashi daga wurin. In masifar wani tana da dalili, to shi da ba shi da wannan laifin ba za ta zo ƙofarsa ba.

Aboki ɗaya yake da shi na gaske, Mamuda, Bafulatanin rugar Ardo Lauwali da ke yamma da Gwiwa. Wasan Barebari da Fulani ne ya haɗa su tun suna samari.

"Bawana ya iso," Mamuda zai ce da ya hango babur, sannan ya juya wurin matarsa. "Dela, kawo masa nono, ko ya daina wannan baƙin."

"Bafulatani ke kiran wani bawa? Kai da in aka hura ka za ka faɗa Nijar? Zo ka sauke wa ubangidanka kaya."

Kuma Mamuda zai zo ya sauke, yana dariya.

A shekarar 2016, ana gab da damina, aka ba Halliru allurar rigakafin ciwon huhu ya kai rugagen Gwiwa. Allura ce mai son sanyi. A kula ake ɗaukarta da ƙanƙara, kuma in an haɗa ta da ruwanta ba ta jira. Shi kuwa don ya rage wa kansa aiki sai ya haɗa tun daga Kazaure. A Roni ya tarar ana sunan jikan wani abokin aikinsa. Ya ce zai tsaya minti goma ya yi barka. Aka kawo waina da miyar taushe, aka kawo hira, aka tambaye shi dalilin wani abu. Sai da aka yi azahar ya fito. Babur na tsakiyar rana. Ya buɗe kula ya tsoma yatsa, ya ji ruwa da ɗumi kamar na alwalar tsoho.

Ya tsaya a nan ya yi shawara da kansa. In ya koma, sai ya yi wa ogansa bayani. In ya wuce, ba wanda zai sani. Ya wuce. Ya yi wa shanun Mamuda talatin da ɗaya allura, ya sha fura, ya karɓi godiya.

Bayan wata biyar ciwon huhu ya shiga garken. Cikin mako uku shanu ashirin da uku suka tafi, har da jar saniyar da Mamuda ya gada daga uwarsa. Aka taru jaje a ƙarƙashin tsamiyar Ardo, Fulani da Hausawan ƙauye, mutum kusan arba'in. Mamuda na zaune a kan buzu, ya zuba wa ƙafafunsa ido. Sai wani dattijo ya juyo wurin Halliru.

"Malam Dalili, ba kai ka yi musu allura ba bana?"

Tsoro ya kama Halliru. Bakinsa ya riga shi. Ya yi murmushi irin na wasan da suka saba, ya ce, "Allura tana maganin cuta, Baffa, amma ba ta maganin hakki. Bafulatani ya bar shanu sun cinye waken tsohuwa mai takaba, me yake jira?"

Tsohuwar da yake nufi gwaggonsa ce, Hajja Kaka, wadda ke noma a gefen Gwiwa. Bara shanun Mamuda sun shiga gonarta, ya je har gida ya durƙusa, ta ce ta yafe, maganar ta mutu. Halliru ne ya tono ta ya ɗaga sama yadda kowa zai gani.

Ba wanda ya yi dariya. Wasu suka gyaɗa kai. Ai wanda ya faɗa shi ne mai sanin dalili, kuma ɗan'uwan tsohuwar ne, kuma aminin mai shanun.

Maganar ta zauna. A kasuwar Gwiwa mata suka riƙa tsallake ƙwaryar Dela su sayi nonon ta kusa da ita. Manoman da suka saba kiran Mamuda ya kwana da shanu a gonakinsu bayan girbi suka daina. Shi ne yake jan salla a rugar in liman ba ya nan, sai ya koma sahun baya da kansa, ba wanda ya ce masa ya dawo. Yara in suna faɗa sai ɗaya ya ce, "Za ka ga abin da Mamuda ya gani." Duk da haka in ya hango babur sai ya ce, "Bawana ya iso," ya zo ya sauke kaya. Wannan ne ya fi cin Halliru. Ya fara aika wani a madadinsa.

Bayan shekara biyu labari ya iso shi cewa Mamuda zai ƙaura. Da an gama girbi zai kora shanunsa takwas ta Babura ya tsallaka Nijar wurin dangin Dela, inda ba a san waken Hajja Kaka ba. Rugar da aka binne uwarsa da ubansa zai bari.

A makonnin nan ne wata ƙungiya ta turo wani tsohon likitan dabbobi daga Kanada ya yi bincike a kan ciwon huhu, aka haɗa shi da Halliru ya zama tafintansa. Dokta Natan sunansa. A Asabar ta farko ya ƙi shiga mota, ya ce ranar hutun addininsa ce, shi Bayahude ne. Halliru ya ja baya kaɗan. Bai taɓa ganin Bayahude ba sai a wa'azi da rediyo, kuma ba haka ya zana shi a ransa ba. Wannan gajere ne mai gyambon ciki, yana sa 'yar ƙaramar hula a ƙarƙashin malafa, ba ya cin naman kowa sai dafaffen ƙwai da gyaɗa da dabino, kuma yana tsoron kunama fiye da ƙima. In lokacin salla ya yi shi yake taɓa agogo ya tuna wa direba.

Jerin garkunan da cutar ta taɓa ne ya kai su rugar Ardo Lauwali. Halliru ya so ya tsallake ta, bai sami hanya ba.

"Bawana, yau da Bature ka zo? Ko shi ne ya saye ka?" in ji Mamuda. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo.

Dokta ya yi tambayoyinsa, Halliru na juyawa. Nawa suka mutu? An yi musu allura? Wa ya yi? Mamuda ya nuna Halliru da baki. A ƙarshe Dokta ya ce a tambaye shi, shi a ganinsa me ya kawo cutar.

Mamuda ya ce, "Gaya masa masu sani sun ce hakki ne ya kama ni."

Halliru ya juya wurin Dokta ya ce da Turanci, "Ya ce ƙaddara ce."

Dokta ya dubi fuskar Mamuda, ya dubi ta Halliru, ya rufe littafinsa.

Kashegari suna karar shanu ta Babura. Rana ta take, suka fake a inuwar wata babbar mota, dillalai na ta ciniki da naira da sefa a bayansu. Halliru bai yi barcin kirki ba. Ya so ya ji wani ya gaya masa cewa abin da ya faɗa a gindin tsamiya yana da tushe, ko da daga bakin Bayahude ne.

"Dokta, ku a addininku, in masifa ta sami mutum, me kuke cewa ya jawo ta?"

Tsohon ya ɓare ƙwai, ya yi 'yar dariya. "Ka tambayi malamanmu uku, ka sami amsa huɗu. Shekara dubu biyu suna musu. Wasu sun ce mutum ya binciki ayyukansa. Wasu sun ce in ya bincika bai ga komai ba, to wahalar ƙauna ce, Ubangiji yana gwada wanda yake so. Wasu sun ce ba mu sani ba, kuma ba a ba mu sanin ba. Akwai ma waɗanda suka tsaya a gaban Ubangiji suka ce, me ya sa? Kamar ɗa da ubansa. Suka gama kukansu, suka ci gaba da addu'a."

"To ai ka ga, na farkon nan. A binciki ayyuka."

"Nasa. Shi da kansa." Dokta ya ɗaga yatsa. "Ni in binciki nawa, kai ka binciki naka. Amma in je wurin wanda ke cikin wahala in ce masa laifinka ne ya jawo, malamanmu sun sa wannan a layi ɗaya da tauye mudu. Sun ce ya ma fi muni, don abin da ka tauye a mudu kana iya mayarwa."

Dokta ya ci gaba, yana kallon shanu.

"Kakata ta fito daga yaƙin Turai ita kaɗai. Su tara ne a gidansu. Wani mai ilimi ya gaya mata zunubin mutanenmu ne ya jawo. Ta yi shekara arba'in bayan nan ba ta fasa addu'a ba ko rana ɗaya, kuma ba ta sake amsa gaisuwar mutumin ba. Na tambaye ta, Kaka, kin san dalili? Ta ce a'a. Na ce to me ya sa kike addu'a? Ta ce, in na daina, da wa zan yi rigimar?" Ya share hannu a wando. "Shi ya sa a wurinmu in ka je gidan makoki, ba ka fara magana. Ka zauna kawai. Mai makokin ne zai buɗe baki in ya ga dama. In bai buɗe ba, ka gama zamanka ka tashi. Ku fa? Na zaci ku ma kuna da Ayuba."

Nan ne kunya ta rufe Halliru gaba ɗaya. Suna da shi mana. Tun yana makarantar allo malaminsu ya gaya musu annabawa sun fi kowa shan jarrabawa, kuma ba wanda ya san abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ya sani, ya haddace, ya sha faɗa wa wasu. Sai ga shi yana da furfura, a inuwar motar shanu, baƙo mai tsoron kunama ne yake tuna masa karatunsa.

Ya gaya wa Dokta komai: bikin sunan Roni, wainar, ruwan ɗumin, waken Hajja Kaka. Da ya gama ya ce, "Ni na kashe su, ko?"

A ransa so yake a ce e. Ko ba komai ya sami abin ɗagawa sama.

"Ban sani ba," in ji Dokta. "Allurar nan ko da sanyinta ba kullum take karewa ba. Wataƙila da ka kai ta daidai da sun rayu. Wataƙila da sun mutu duk da haka. Ba wuƙar da za ta nuna maka wannan. Abin da ka faɗa a gaban mutane kuwa, shi ka san wa ya yi."

Saura kwana huɗu Mamuda ya tashi. Halliru ya isa rugar da hantsi, ya kashe babur tun daga nesa ya turo shi. An riga an kwance bukka ɗaya. Mamuda na zaune yana tufka igiya. Halliru ya yi sallama, ya ƙi tabarmar da Dela ta shimfiɗa, ya zauna a ƙasa. Bai ce komai ba.

Bai taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Maganganu suka riƙa taso masa har maƙogwaro, masu kyau, shiryayyu, kowace da 'yar ƙofar da zai fita ta ciki. Ya haɗiye su. Inuwa ta matsa ta bar shi a rana, bai bi ta ba. Dela ta ajiye nono, ƙuda suka taru a bakin ƙwaryar. Aka yi azahar, suka yi salla, ya koma inda yake.

Sai da Mamuda ya gama igiya ta biyu ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Babarbare ba magana? Ko harshen ne aka yi wa allura?"

"Allurar da na yi wa shanunka ta lalace kafin in iso. Na tsaya suna a Roni. Na sani, na yi musu haka nan. Da aka tambaye ni a gindin tsamiya na ji tsoro, na ɗora maka."

Mamuda ya ɗaure bakin igiyar, ya ja ya ga ta yi ƙarfi.

"Wa ya sauke maka kular ranar?"

Halliru ya ɗago.

"Ni na sauke. Na ji ruwa na kaɗawa a ciki. Da can in na ɗauka, ƙanƙara ce ke ƙara. Na ce a raina, shi ne malami, ya fi ni sani." Ya ajiye igiyar. "Shanu na Allah ne, Halliru. Ya ba ni, ya karɓa. Na yi kukana a daji inda ba mai gani, na tambaye shi abin da zan tambaye shi, wannan tsakanina da shi ne. Amma shekara biyu ina jiran ka zo. Kullum na ji babur sai in ce yau ne. Har na fara cewa ko gaskiyarka ce, ko tsohuwar nan ba ta yafe ba. Na koma wurinta sau biyu. Na biyun kuka ta yi, ta ce in daina tsufar da ita."

"Ka yafe mini."

"A nan? Ni da kai da ƙudan nono?" Mamuda ya girgiza kai. "Ba a nan ka faɗa ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Ardo Lauwali ya tara mutane a gindin tsamiyar. Sun fi na wancan karon yawa, don labari ya zaga cewa Dalili zai yi magana. Halliru ya ɗauko Hajja Kaka a babur, ta zauna a gefe cikin mata. Sannan ya miƙe tsaye. Ya faɗi tsayawarsa wurin suna a Roni, ya faɗi ruwan ɗumi, ya faɗi tsoron da ya ji. Ya ce bai san abin da ya kashe shanun ba, kuma ba zai taɓa sani ba, amma maganar hakki shi ya ƙirƙire ta don ya rufe kansa.

Dattijon da ya yi tambayar farko ya ce, "Ashe."

Kalmar ke nan. Halliru ya fi son a zage shi.

Hajja Kaka ta ɗaga murya daga cikin mata. "Ni dai na ce na yafe tun wake na ɗanye. Kai kuma, ɗan Kashim, da sunana ka yi wannan aikin? Kada ka mayar da ni gida, zan hau na wani."

Mamuda bai ce ya yafe ba a ranar. Ya dai miƙe da aka kira la'asar, Ardo ya kama hannunsa ya tura shi gaba, ya ja sallar. Halliru na sahun ƙarshe.

Ƙaurar ba ta fasu ba, don an riga an yi wa dangin Dela alkawari. Amma da can niyyar Mamuda ita ce ya fita da asuba ba sallama. Sai ya tashi da hantsi, ta tsakiyar Gwiwa, mutane na fitowa suna yi masa addu'a, wata mata ta bi Dela da ƙullin daddawa. Bukka ɗaya ya bari a tsaye, ya ce wa Ardo kada a kwance, zai gani bayan damina. Halliru ya tura babur a bayan shanun har bakin gari. A nan Mamuda ya juyo.

"Koma haka, bawana. Barebari ba sa iya tafiyar ƙasa."

Halliru ya kai wa ogansa rahoton kansa, aka dakatar da shi wata uku, aka mayar da shi. Wasu rugagen har yau ba sa yarda ya taɓa shanunsu sai sun buɗe kula sun tsoma yatsa, shi kuma yana tsayawa su tsoma. Dokta Natan ya koma ƙasarsu tun kafin Juma'ar, bai ji yadda aka ƙare ba. Sunan Dalili bai bar Halliru ba, ko da yake yanzu akwai masu faɗarsa da wata irin murya. Yana zuwa makoki kamar da. Yakan ce "Ya haƙuri?" ya shafa fatiha, ya nemi gefe ya zauna. In wani ya matso ya ce, "Malam, kai me ka gani a wannan al'amari?" sai ya dubi ƙasa, ya ce, "Ban sani ba."

Bukkar Mamuda na nan. Damina biyu ta wuce a kanta. Kowace shekara kafin ruwan farko Halliru yakan ɗauro ciyawa a babur ya je ya gyara rufin.